Ambaliyar Ruwa A Lakwaja Da Cinikin Abinci A Zangunan Hausawa Na Anacha, Enugu Da Fatakwal

A ƙarshen watan Satumba da farkon Oktoba na 2022, ruwa ya shafe babbar hanyar Abuja zuwa Lakwaja a daidai garin Koton Karfe cikin Jihar Kogi, har manyan motoci suka yi jerin gwano na tsawon kilomitoci masu yawa, waɗansu direbobi kuma suka kwashe kwana da kwanaki ba su gusa ba. Birnin Enugu, wanda ke gindin tsaunukan Udi, yana da nisa ƙwarai da wannan wuri, kuma kogi bai shiga kasuwanninsa ba. Duk da haka, 'yan kasuwar Arewa mazauna can, tare da takwarorinsu na Anacha da Fatakwal, suna cikin waɗanda ambaliyar ta taɓa wa jari, domin kayan da suke jira suna cikin motocin da ruwa ya tsare.

Wannan ne karo na biyu cikin shekara goma. A watan Satumba na 2012 ma sai da hukuma ta rufe wannan hanya saboda ambaliya. Saboda haka ya dace duk mai harkar kayan abinci tsakanin Arewa da Kudu maso Gabas ya fahimci yadda ruwan da ya cika a wata jiha yake cinye ribar ɗan kasuwar da ke zaune a wata.

Cinikin da ya rataya a kan gadoji

Zaman Hausawa a waɗannan garuruwa ya daɗe, kuma fatauci ne tushensa. Layin dogo na Gabas ya haɗa Fatakwal da Enugu a 1916, daga baya ya zarce Arewa, aka kuma gama gadar Makurɗi a kan kogin Binuwai a 1932, abin da ya sauƙaƙa kai shanu da hatsi. Malam Umaru Altine, wanda ya zama magajin garin Enugu na farko a shekarun 1950, fataucin shanu ne ya kai shi can daga ƙasar Sakkwato. A yau jirgin ƙasa ya bar wa tirela wannan aiki. Albasa daga Aliero da Sakkwato, tumatir da tattasai da attarugu daga Kano da Zariya da Filato, wake da gero daga kasuwar Dawanau, shanu da awaki daga Potiskum da Maigatari da Mubi, bandar kifi daga yankin Tafkin Chadi da Haɗeja, duk a mota suke sauka kasuwannin Ose da Bridge Head a Anacha, da Gariki da New Artisan a Enugu, da Fruit Garden da Mile 3 a Fatakwal, da kuma karar shanu ta Amansea kusa da Awka.

Daga Kano zuwa Fatakwal tafiya ce ta fiye da kilomita 1,000, kuma ko ta ina direba ya bi tilas ya haye Neja ko Binuwai. Manyan hanyoyin biyu ne. Ta farko ita ce ta Abuja, wadda ke haye Neja a gadar Murtala Muhammed da ke Jamata, ta shiga Lakwaja. Daga nan mota za ta iya bin Ajaokuta ta sake haye kogin a gadar Itobe ta nufi Enugu, ko kuwa ta bi Okene da Auchi zuwa Asaba ta hau gadar Anacha. Ta biyu ita ce ta Akwanga da Lafiya da Makurɗi, wadda ke bi ta Obollo Afor ta faɗa mararrabar Ninth Mile a bakin Enugu. Watau abincin miliyoyin mutane yana bi ne ta kan gadoji 'yan ƙalilan, waɗanda hanyoyin shiga waɗansunsu ke shimfiɗe a cikin fadama.

Lakwaja kuwa ita ce mahaɗar kogunan biyu. Idan damina ta yi nisa, ruwan Neja da na Kaduna, tare da abin da madatsun Kainji da Jebba da Shiroro suka saki, yakan gamu da na Binuwai, wanda madatsar Lagdo ta ƙasar Kamaru ke ƙara wa ƙarfi idan an buɗe ta, kamar yadda aka yi a watan Satumba na 2022. An sha ɗora wa Lagdo laifi, sai dai Ministan Albarkatun Ruwa na wancan lokaci, Injiniya Suleiman Adamu, ya bayyana cewa mafi yawan ruwan ya fito ne daga ruwan sama da kogunan cikin gida. Ko daga ina ya fito, a Lakwaja yake taruwa, daga nan ya gangara Idah da Anacha, ya watsu a yankin Neja Delta.

Yadda kwana ɗaya ke zama asara

Abu na farko da ambaliya ke cinyewa shi ne lokaci, kuma kowane kaya da irin haƙurinsa. Wake da gero da masara suna iya kwana bakwai a cikin mota idan tamfol bai yoyo ba. Albasar damina, wadda ke da ruwa a jika, ba ta jure zafin buhu na kwanaki. Tumatir kuwa, wanda ake jerawa kwando bisa kwando, lissafin kwana biyu zuwa uku ake yi masa daga gona zuwa kasuwa, duk abin da ya ƙaru a kai ruɓa ne. Shanu da awaki da aka cunkusa a tirela ba ci ba sha sukan rame, waɗansu su faɗi, sai a yanka su a gefen hanya a sayar da naman a yadda aka samu.

Lissafin a fili yake. Idan kashi ɗaya cikin uku na kayan gwari ya lalace a hanya, sai mai kaya ya ƙara rabin farashi a kan abin da ya rage kafin uwar kuɗinsa ta dawo, ba a ma zo maganar riba ba. Wannan ne ya sa mai saye a Fatakwal ke ganin kwando ya yi tsada, ya zaci ɗan gwari ya samu garaɓasa, alhali shi yana neman ya tsira da jarinsa ne kawai.

Abu na biyu shi ne kuɗin mota. Lokacin da hanyar Lakwaja ta yanke, an shawarci masu zuwa Gabas su koma ta Lafiya da Makurɗi. Hanyar da ta saba ɗaukar nata kason sai ta ɗauki na hanyoyi biyu, cunkoso ya ƙaru, kwalta ta ƙara farfashewa. Motar da ke yin sawu huɗu a wata ta koma yin biyu ko uku, mai ita kuwa dole ya fanshe a kan kowane buhu. A 2022 abin ya zo daidai da tsadar man gas, wanda lita ɗaya ta tashi daga ƙasa da Naira 300 a watan Janairu zuwa kimanin Naira 800 a watan Oktoba. Har ila yau tankokin mai da suka maƙale a Lakwaja sun jawo dogayen layuka a gidajen mai na Abuja da kewaye, wanda ya ƙara wa masu ƙananan motocin da ke kwaso kaya daga ƙauyuka wahala.

Abu na uku, wanda ba a cika lura da shi ba, shi ne farashi yakan rabu gida biyu. Yayin da kaya ke tsada a Kudu, a kasuwannin Arewa faɗuwa yake yi, domin 'yan sari sun daina lodi har sai hanya ta buɗe, manomin da ya riga ya tsinke tumatirinsa kuwa ba shi da wurin ajiya. Sa'an nan ranar da ruwa ya janye, motocin da suka taru sukan isa kasuwa a lokaci guda, kaya ya yi yawa, farashi ya karye a kan waɗanda suka fi kowa jimawa a hanya.

Abu na huɗu shi ne bashi. Yawancin wannan ciniki a kan amana yake tafiya. Mai kaya a Arewa yakan aika wa dillali ko fatomansa a zango, shi kuma ya rarraba wa mahauta da masu sayarwa a tebur, a biya bayan an sayar, dillali ya cire la'adarsa ya aika da sauran. Idan mota ɗaya ta lalace, kuɗin da za a yi lodin ta gaba da shi ne ya tafi. 'Yan dako da masu baro da masu gadin kara, waɗanda abincinsu na yini ke jiran saukar mota, su ne farkon shiga ƙunci. Kayan da motocin ke komawa da su Arewa, kamar manja da garin rogo da kayan gyaran mota na Nnewi da takalman Aba, su ma sukan makara.

Garuruwa uku, matsala iri uku

Ambaliyar ba ta shafi garuruwan nan daidai wa daida ba. Enugu ta fi sauƙi, domin tana kan tudu kuma ita ce mafi kusa da hanyar Makurɗi. Abin da ya same ta shi ne jinkiri da tsadar mota.

Anacha kuwa tana bakin kogi, saboda haka ta sha duka ta fuska biyu. Ƙananan hukumomin Ogbaru da Anambra ta Yamma da Ayamelum, waɗanda ke ciyar da birnin da doya da rogo da shinkafa, sun nutse a 2012 da 2022. A Ogbaru ne kwale-kwale ya kife a ranar 7 ga Oktoba, 2022, aka ba da rahoton rasuwar mutum 76. Da abincin gida ya yi ƙaranci, buƙatar na Arewa ta ƙaru a daidai lokacin da hanyarsa ta toshe.

Fatakwal ita ce ƙarshen zango, don haka duk wani ƙarin kuɗi da aka yi a hanya a kanta yake sauka. Bugu da ƙari, daga nan ake sarin kaya zuwa Jihar Bayelsa. A watan Oktoba na 2022 ruwa ya karya hanyar Gabas zuwa Yamma a yankin Ahoada da Mbiama, ya kuma yanke ta ta ɓangaren Patani a Jihar Delta, har Yenagoa ta zama tamkar tsibiri, abinci da mai suka koma shiga da kwale-kwale da manyan tifofi. Ɗan kasuwar da ya sha wahalar kawo kaya Fatakwal sai ya tarar hanyar zuwa ga masu sayensa ita ma ta yanke.

Alƙaluman hukuma sun nuna girman al'amarin. Hukumar Ba da Agajin Gaggawa ta Ƙasa, NEMA, ta ce ambaliyar 2012 ta halaka mutum 363, ta raba fiye da miliyan 2 da muhallinsu, an kuma ƙiyasta asarar da ta jawo a kan Naira miliyan dubu 2,600. Ta 2022 ta ci rayuka fiye da 600 a jihohi sama da 30. Ofishin Ƙididdiga na Ƙasa ya ba da hauhawar farashin abinci a kan kashi 23.72 cikin 100 a watan Oktoba na 2022, ta kuma kai kashi 24.13 a Nuwamba. Ambaliya ɗaya ce daga cikin dalilan, tare da tsadar mai da faɗuwar darajar Naira da rashin tsaro a yankunan noma.

Abin da ya canza da abin da ya rage

A watan Mayu na 2023 an buɗe gadar Neja ta biyu tsakanin Asaba da Anacha, da kuma gadar Loko zuwa Oweto a kan Binuwai, wadda ta haɗa Nasarawa da Jihar Binuwai. Ta biyun ta fi amfani ga wannan matsala, domin ta ba masu zuwa Enugu mashiga ta uku wadda ba ta bi ta Lakwaja ba. Gadar Anacha kuwa ta rage cunkoson shiga gari, amma motar da ruwa ya tsare a Koton Karfe ba za ta kai gare ta ba. Tashoshin ruwa na Anacha da Baro, waɗanda aka ƙaddamar a 2012 da 2019, ba su kai ga ɗauke wa tituna nauyin kayan abinci ba.

Haka kuma haɗarin bai tsaya a Lakwaja kaɗai ba. Fashewar madatsar Alau a watan Satumba na 2024 ta shafe babbar kasuwar Monday Market ta Maiduguri, ambaliyar Mokwa ta watan Mayu na 2025 kuma ta taɓa hanyar da ke kai kaya Kudu maso Yamma. Ruwa na iya kama kaya a gona, ko a kasuwa, ko a hanya.

Abin da ke hannun ɗan kasuwa shi ne ambaliyar manyan koguna tana da lokacinta. Daga tsakiyar Satumba zuwa ƙarshen Oktoba ne ruwa ke kai maƙura a Lakwaja da abin da ke ƙasa da ita. Hukumar Kula da Yanayi, NiMet, takan fitar da hasashen damina a farkon shekara, Hukumar Kula da Ruwan Koguna, NIHSA, kuma takan bayyana ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari kafin ruwa ya kankama. Mai sito a Anacha ko Fatakwal zai iya shigo da wake da hatsi tun watan Agusta, ya ɗora su a kan katako nesa da bakin kogi. Ɗan gwari zai iya rage lodi a waɗannan makonni, ya raba kayansa a motoci biyu ta hanyoyi dabam-dabam, ya kuma tanadi kauɗar tumatir da busasshen tattasai, waɗanda kasuwarsu ke buɗewa idan ɗanye ya yanke. Ya kamata a yi magana da mai mota tun kafin lodi a kan wanda zai ɗauki ƙarin kuɗi idan an sauya hanya, a kuma rubuta.

Ƙungiyoyin 'yan kasuwa da fadojin Sarakunan Hausawa na waɗannan garuruwa suna da rawar takawa. Yajin aikin da haɗaɗɗiyar ƙungiyar dillalan abinci da shanu ta yi a ƙarshen Fabrairu na 2021 ya nuna cewa suna iya tsayar da lodi a faɗin Arewa cikin 'yan kwanaki. Wannan haɗin kai zai iya aiki wajen isar da labarin hanya ga masu lodi a Dawanau da Aliero da Potiskum kafin mota ta tashi, da kafa asusun taimakon wanda kayansa suka lalace, da neman inshorar kaya a kan hanya a ƙungiyance, da kuma matsa wa Ma'aikatar Ayyuka ta Tarayya lamba ta ɗaga hanyar Koton Karfe sama da iyakar da ruwa ya kai a 2012 da 2022. Hausawa sun ce tun kafin a yi daram aka yi kwandi, kuma watan Agusta shi ne lokacin wannan shiri.