Ɗaliban lauya da masu ƙananan sana'o'i: abin da ya kamata ku sani

Abokai biyu sun buɗe shagon ɗinki. Ɗaya ya sa kuɗin kekuna uku, ɗaya ya kawo gwaninta, ba su rubuta komai ba saboda akwai amana a tsakaninsu. Da kasuwa ta buɗe, sai ga rigima: kekunan na wa ne, sunan shagon na wa ne? Irin wannan rigimar ce ɗaliban lauya ke taimaka wa masu sana'a su kauce mata tun kafin ta taso.

Mene ne wannan tsari?

Jami'o'i da yawa suna da ofishin da ake kira asibitin shari'a. Kamar yadda ɗalibin likita ke duba marar lafiya malaminsa na tsaye a kansa, haka ɗalibin lauya ke sauraron matsalar mutum, ƙwararren lauya yana sa ido. A Jami'ar Queen Mary da ke Landan akwai shirin qLegal, wanda ke bai wa sababbin kamfanoni shawara kyauta. A Najeriya kuwa, ƙungiyar NULAI da aka kafa a 2003 ce ta yaɗa irin waɗannan ofisoshi, kuma Jami'ar Maiduguri na cikin waɗanda suka fara. Sai dai namu sun fi mayar da hankali kan talakawa da masu jiran shari'a a gidan yari, don haka ku fara tambaya ko suna karɓar batun kasuwanci.

Yaya ake yi?

Za ku zauna da ɗalibi ɗaya ko biyu ku faɗi damuwarku. Kada ku yi mamaki idan ba su ba ku amsa nan take ba. Sai sun koma sun bincika doka, sun rubuta shawara, lauya ya duba ya gyara, sannan ta iso hannunku.

Da me za su taimaka?

Za su iya bayyana muku bambancin yin rajistar sunan kasuwanci da kafa kamfani a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC. Idan suna kawai kuka yi wa rajista, bashin sana'ar a wuyanku yake. Kamfani kuwa doka na ɗaukarsa tamkar mutum mai zaman kansa, bashinsa daban, dukiyarku daban. Tun bayan dokar kamfanoni ta 2020, mutum ɗaya ma zai iya kafa ƙaramin kamfani shi kaɗai. Haka kuma za su taimaka wajen tsara takardar yarjejeniya tsakanin abokan haɗin gwiwa, da duba takardar hayar shago, da kare tambarin kayanku. Mai haɗa zoɓo ko yogot a roba za su nuna mata hanyar neman lambar hukumar kula da abinci da magunguna ta NAFDAC.

To, ɗalibi ai bai zama lauya ba?

Gaskiya ne. A Najeriya sai mutum ya yi shekara biyar a jami'a, ya ƙara shekara guda a Makarantar Horar da Lauyoyi, irin reshenta na Bagauda a Jihar Kano, an rantsar da shi, kafin ya zama lauya. Saboda haka ɗalibi ba zai tsaya muku a kotu ba. Ku tambayi sunan lauyan da ke duba aikin, ku kuma nemi a ba ku shawarar a rubuce.

Nawa ake biya?

Shawarar dai kyauta ce, amma kuɗin rajista na hukumomin gwamnati ku za ku biya. Sannan sai da haƙuri, domin aikin na tafiya ne da zangon karatu. Idan an yi hutu yakan tsaya.

Me ɗalibin ke samu?

Yana koyon abin da ba a samu a aji: sauraron mutum har ya gama, riƙe sirrinsa, da yi masa bayanin doka da harshen da zai gane. Gani ya kori ji.

Idan kuna shirin haɗa jari da wani, ku tattara rasitai da takardar haya, ku je tsangayar shari'a ta jami'ar da ke kusa da ku tun ana shiri da juna. Rigakafi ya fi magani.