Kwana a gefen Harami da makin otal: lissafin da ya kamata ɗan Gidan Rumji ya yi kafin ya kama ɗaki

Da zarar azumin Ramadan ya kama, akan yi ta cin karo da wani irin bidiyo a TikTok da WhatsApp. Mutum zai ja labulen ɗakin otal, sai ga Ka'aba a ƙasa da masu ɗawafi kewaye da ita, sannan ya ce bai biya ko sisi ba, da maki ya kama ɗakin. Irin wannan bidiyo yana shiga wayoyin matasa a Gidan Rumji da Tsibiri da Maraɗi kamar yadda yake shiga na Kano da Yamai, galibi daga hannun 'yan'uwa mazauna ƙetare.

Maganar ba ƙarya ba ce, domin tsarin yana nan kuma ana kwana da shi a manyan otal. Sai dai makin ɗan abin da otal ke mayar wa mutum ne daga kuɗin da ya riga ya kashe a wurinsa. A gundumar Gidan Rumji, inda akasarin gidaje suka dogara da gero da wake da gyaɗa da kuma abin da 'yan ci-rani ke aikowa, kai uwa ko uba Umara tanadi ne na shekaru. Kuskure ɗaya wajen kama masauki yana iya cinye wani ɓangare na wannan tanadi, ko ya bar tsoho tsaye da kayansa a ƙofar otal.

Yadda ake tara makin

Manyan kamfanonin otal na duniya kowanne yana da tsarinsa na saka wa abokin ciniki mai dawowa. Marriott yana da Marriott Bonvoy, wanda aka ƙaddamar da sunansa a 2019 bayan kamfanin ya sayi Starwood a 2016. Hilton yana da Hilton Honors, kamfanin Accor na Faransa kuma yana da ALL. Yin rajista kyauta ne, ana yi a manhajar waya.

A mafi yawan otal-otal na Marriott da Hilton, kowace dalar Amurka ɗaya da mutum ya biya tana kawo maki 10. Tsarin Accor ya fi sauƙin lissafi ga mai riƙe da sefa, domin maki 2,000 daidai suke da yuro 40, kuma yuro ɗaya sefa 655.957 ne a ƙayyade. Ke nan maki 2,000 sun ɗan haura jika 26. Mai matakin farko yana samun maki 25 a kan kowace yuro 10 a yawancin otal-otal na kamfanin. Kafin ya tara waɗannan maki 2,000, sai ya kashe yuro 800, kusan jika 525. Abin da ya dawo masa kashi biyar ne cikin ɗari.

Wannan lissafi ya nuna wanda tsarin ke yi wa aiki: ma'aikacin da ofishinsa ke biya masa otal a tafiye-tafiye, ko ɗan kasuwar da ke zirga-zirga tsakanin Dubai da Istanbul da Guangzhou yana sauka a otal-otal na kamfani ɗaya. A ce ɗan kasuwa ya yi kwana 20 a shekara a ɗakin dalar Amurka 100. Zai tara maki 20,000 a Marriott. Wanda kuwa ke tafiya sau ɗaya a shekara uku ba zai tara abin kirki ba, kuma ɗan abin da ya tara yana iya ƙonewa. Marriott da Hilton suna soke makin wanda ya yi wata 24 bai motsa asusunsa ba, Accor kuma shekara ɗaya yake bayarwa.

A jihar Maraɗi babu otal ko ɗaya na waɗannan kamfanoni uku. Mai neman babban otal mai irin wannan tsari a Nijar sai ya yi tafiyar kimanin kilomita 600 daga Gidan Rumji zuwa Yamai, inda Radisson Blu ya buɗe a 2019 gabanin taron ƙolin Tarayyar Afirka, shi ma da nasa tsarin daban mai suna Radisson Rewards. A Najeriya akwai Transcorp Hilton a Abuja. Makin wani kamfani ba ya kama ɗaki a otal ɗin wani.

Su wa ke da ɗakunan gefen Harami

Dogon ginin nan mai agogo da ake hange daga ko'ina a Makka, Abraj al-Bait, tsayinsa mita 601 ne, kuma an kammala shi a 2012. An gina shi a inda tsohuwar ganuwar Ajyad ta zamanin Daular Usmaniyya take, wadda aka rushe a 2002, lamarin da Turkiyya ta yi Allah wadai da shi a lokacin. Otal-otal da dama da ke cikin ginin, irin su Fairmont da Raffles da Swissôtel da Pullman Zamzam da Mövenpick, na Accor ne. A ɓangaren Jabal Umar akwai Conrad da Hilton Suites da DoubleTree na Hilton, akwai Marriott, akwai Hyatt Regency. Duk wanda ke da niyyar kai iyayensa can da maki, ya kamata tun farko ya san wane kamfani yake tara wa.

Kusanci da masallaci ba ƙawa ba ne ga tsofaffi. Dattijon da gwiwa ke damunsa, idan ɗakinsa na da tafiyar minti biyar zuwa Harami, zai samu salloli biyar cikin jam'i ya koma ya huta tsakaninsu. Wanda aka sauke a nesa sai ya jira mota ko ya wuni a waje.

Sai dai farashin ɗaki da maki ba a tsaye yake ba. Tun 2022 Marriott ya daina aiki da jadawalin farashi tsayayye, yanzu makin da ake nema yana hawa da sauka gwargwadon cunkoso, kuma haka Hilton ke yi. A goman ƙarshe na Ramadan, lokacin da kowa ke son zuwa, kuɗin ɗaki yakan ninka sau da yawa, ɗakunan da ake bayarwa da maki kuma sukan ƙare tun da wuri. Makin da zai wadatar da kwanaki a watan Safar ba lallai ne ya biya dare ɗaya a lokacin ba.

Haka kuma, makin yakan kama ƙaramin ɗaki ne na gama-gari. Ɗakin da tagarsa ke kallon Ka'aba, irin na cikin bidiyo, yawanci sai an ƙara maki masu yawa ko kuɗi. Abin da ke rage nauyi shi ne Marriott yana yafe dare ɗaya ga wanda ya kama kwana biyar a jere da maki, Hilton ma yana yin haka ga wanda ya kai matakin Silver.

Inda mai tasowa daga gida ke samun cikas

Galibin masu zuwa Umara daga Maraɗi ko Kano suna biyan kamfanin shirya tafiya kuɗi dunƙule, na biza da jirgi da masauki. Ɗakin da aka kama ta wannan hanya, ko ta shafuka irin su Booking.com, ba ya kawo maki ko da a Hilton aka kwana. Sai wanda ya kama kai tsaye ta manhajar otal ɗin da sunansa. Aikin Hajji kuwa masaukinsa yana cikin kuɗin kujera, ƙarƙashin hukumar COHO a Nijar da NAHCON a Najeriya da kamfanonin da suka amince da su.

Akwai kuma batun biza. Daga watan Yunin 2025, ma'aikatar Hajji da Umara ta Saudiyya ta sharɗanta cewa sai an yi rajistar masauki a dandalin Nusuk Masar kafin a ba da bizar Umara. Don haka ɗan da ke Faransa ko Amurka, idan zai kama wa mahaifiyarsa ɗaki da maki alhali ita daga Nijar za ta taso, dole ya fara tambayar kamfanin da zai nemo mata biza ko za a karɓi wannan masaukin. Idan bai yi haka ba, yana iya biyan masauki biyu. Shi kansa, idan yana da izinin zama na dindindin a Amurka ko Birtaniya ko Tarayyar Turai, yana iya neman bizar yawon buɗe ido ta intanet, wadda ake yin Umara da ita a wajen lokacin Hajji.

A Masar ma haka abin yake

Ɗalibai da masu neman magani da ke zuwa Alƙahira sun san wani misalin. A gindin manyan dalolin Giza, waɗanda aka gina kimanin shekara 4,500 da suka wuce a matsayin kaburburan fir'aunoni, akwai otal ɗin Mena House. Asalinsa masaukin farauta ne da aka gina wa Khedive Isma'il a 1869, daga baya aka mayar da shi otal. A nan ne Churchill na Birtaniya da Roosevelt na Amurka da Chiang Kai-shek na Sin suka yi taron Alƙahira a 1943. Yanzu Marriott ke gudanar da shi, ana kuma kama ɗakinsa da makin Bonvoy. A nan ma ɗakin da ke kallon babbar dalar Khufu farashinsa daban ne da mai kallon lambu, kuma lokacin sanyi, da 'yan yawon buɗe ido ke cika wurin, ya fi tsada.

Masu sayar da maki da katin bashi

A shafukan sada zumunta akwai masu tallar ɗaki a gefen Harami da rabin kuɗi, suna cewa makinsu za su yi amfani da shi. Dokokin waɗannan kamfanoni sun hana sayar da maki, kuma idan aka gano ana iya rufe asusun a soke ɗakin. Wani lokaci ma makin na sata ne daga asusun wani. Wanda ya tura kuɗinsa daga Gidan Rumji ba shi da wurin kai ƙara, domin a wurin otal ɗin ba shi ne abokin ciniki ba.

Hanyar da kamfanonin suka yarda da ita ita ce kyauta tsakanin masu asusu. Marriott yana barin mutum ya tura wa wani har maki 100,000 a shekara ba tare da caji ba, Hilton kuma yana barin 'yan'uwa ko abokai su haɗa makinsu wuri ɗaya. 'Yan gida ɗaya da ke warwatse a ƙasashe suna iya yin karo-karo ta wannan hanya. Kafin tafiya, a tabbatar sunan wanda zai kwana yana cikin takardar ɗakin kamar yadda yake a fasfo.

A Amurka, da yawa daga masu nuna irin wancan bidiyo sun tara makinsu ne ta katin bashi na banki, wanda ke ba da maki masu yawa ga sabon mai buɗewa idan ya kashe wani adadi cikin 'yan watanni. Wanda bai biya bashin duka a ƙarshen wata ba, kuɗin ruwan da zai hau kansa ya fi darajar makin, ban da tambayar halacci da mai niyyar ibada zai so ya kai wa malamai.

Tsarin da fatake suka sani

Saka wa baƙo mai dawowa ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. A zangunan Kumasi da Ibadan, fatoma yakan sauki falke ya ba shi ɗaki da abinci ba tare da karɓar kuɗin kwana ba, ya ajiye masa dukiya, ya tsaya masa wajen bashi, shi kuma ya ci la'ada idan an sayar da shanu ko an sayi goro. Masanin zamantakewa Abner Cohen ya yi nazarin wannan tsari a unguwar Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960. Falke ya san kwanan ba kyauta ba ne, cikin cinikinsa ake cirewa, shi ya sa yake riƙe fatoma ɗaya ya kuma san abin da ke fita daga aljihunsa.

Wurin tarihin da ke cikin gundumar Gidan Rumji ita kanta ba ya buƙatar maki. Tsibirin Gobir, 'yan kilomitoci daga Maraɗi, shi ne garin da Sarkin Gobir Mayaƙi ya kafa a 1836 bayan yaƙin Gawakuke, shekara 28 bayan faɗuwar Alƙalawa, kuma har yau fadar Sarkin Gobir tana can. Ɗan ƙetaren da ya zo hutu da 'ya'yansa yana iya kwana a Maraɗi ko gidan dangi, ya kai su su ga fadar da safe.

Ga mai shirin Umara kuwa, lissafin ba shi da wuya. Ya duba kuɗin ɗakin a ranakun da yake so, ya duba makin da ake nema a waɗannan ranakun, ya tambayi mai nemo biza ko masaukin zai karɓu. Idan makin bai isa ba, otal mai tsafta da ke da motar kai mutane Harami ya fi cin bashi domin taga.