Layi Ɗaya Kacal Ke Ninka Ma'adana

Yau da masu gyaran kayan lantarki nake, daga Shanono har Farm Centre: kar ku yar da tsohuwar na'urar rubuta IC don ta ƙi babba.

Ku duba, 27C256 na ɗaukar 32KB, 27C512 kuwa 64KB, kowanne ƙafa 28. Bambancin layin adireshi ɗaya ne, A15. A ƙaramin, ƙafa ta 1 ke shan wutar rubutu, kusan bolt 13. A babban, nan A15 yake, wutar ta koma ƙafa ta 22. Sai ka ja A15 zuwa ƙafa ta 1, ka karkatar da wutar, ka sabunta manhaja.

Amma fa auna da mita tukuna. Wutar nan ta taɓa A15, IC ya ƙone ke nan.

Sai shiri na gaba.