Babi na Tara: Daga Bak zuwa Konkur, Hanyar Ɗalibin Njamena zuwa Manyan Makarantu

A ƙasar Chadi, ɗalibin da ya kammala lise, wato babbar sakandare, yana fuskantar ƙofofi biyu. Ta farko ita ce jarrabawar bakaloriya, wadda kowa ke kira bak. Wanda ya ci ta ya samu izinin neman gurbi a jami'a. Ta biyu ita ce gasar shiga, wato konkur, wadda ake yi don shiga tsangayar likitanci da manyan makarantun horar da ma'aikata. A bak, duk wanda makinsa ya kai ya wuce, ko su nawa ne. A konkur kuwa kujerun ƙidayayyu ne, ana jera masu gasa daga na sama zuwa ƙasa, a ja layi inda kujeru suka ƙare. Mai son sanin damar ɗalibi sai ya fara fahimtar wannan bambanci.

Hukumar ONECS ce ke shirya bak a faɗin ƙasar, galibi a watan Yuni. Ana ba da maki bisa 20, kuma matsakaicin 10 shi ne matakin wucewa. Wanda ya gaza da kaɗan ana ba shi zagaye na biyu. Daga 12 zuwa sama ake fara samun daraja ta yabo, 14 ta fi ta, 16 kuma ta fi su duka biyu. Wannan daraja tana da amfani ƙwarai wajen neman tallafin karatu a waje, domin masu tantancewa kan fara duba takardar maki kafin komai.

Sai dai ba dukkan darussa ke da nauyi ɗaya ba. Kowane fanni yana da darussan da ake ninka makinsu. A ɗauka, alal misali, ana ninka lissafi sau 5, tarihi sau 2. Ɗalibi ya samu 8 a lissafi, 16 a tarihi. Shi a ransa yana ganin matsakaicinsa 12 ne. Amma 8 sau 5 ya ba da 40, 16 sau 2 ya ba da 32, jimla 72, a raba da 7, abin da ya rage masa 10 da ɗan ɗoriya. Ɗalibai da yawa suna kwana kan darasin da suke jin daɗinsa, su bar wanda ke riƙe da makomarsu.

Wannan ya kai mu ga batun fanni, wanda shi ne ginshiƙin lamarin. Tun kafin ajin ƙarshe na lise ake raba ɗalibai tsakanin adabi da kimiyya. A ajin ƙarshe akwai A4 na adabi da falsafa, C na lissafi da fiziks, D na ilimin halittu, sai fannonin G na kasuwanci da aikin ofis. Da yake Faransanci da Larabci ne harsunan hukuma, akwai masu rubuta bak da Larabci, akwai kuma masu haɗa harsunan biyu. Gasar likitanci ta masu kimiyya ce. Yaron da ya gudu daga lissafi yana ɗan shekara goma sha shida ya rufe wa kansa wannan ƙofa, ko da daga baya ya ci bak da yabo. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, don haka shawarar iyaye da malamai ta fi amfani a farkon lise fiye da ƙarshenta.

Babbar jami'ar ƙasar an kafa ta a 1971 da sunan Jami'ar Chadi, aka mayar da ita Jami'ar Njamena a 1994. Sassanta a warwatse suke cikin birni: kimiyya a Farcha, likitanci a Gardole, akwai harabar Ardep-Djoumal, da sabuwar haraba a Toukra, kudu da gari. Yawancin tsangayoyinta suna karɓar mai bak ta hanyar duba takardu, shi ya sa ɗakunan karatun shekarar farko ke cika maƙil. Tsangayar likitanci ce ta bambanta, sai an ci gasa. Haka ma makarantar horar da jami'an mulki ta ENA, da ta injiniyoyin gine-gine, da ta horar da malamai. Masu karatu da Larabci suna da Jami'ar Sarki Faisal. A wajen babban birni akwai Jami'ar Adam Barka a Abeche, da wasu a Moundou, Sarh, Doba da Ati.

Gasa tana farawa ne tun daga haɗa takardu: takardar haihuwa, shaidar zama ɗan ƙasa, kwafin sakamakon bak da hukuma ta buga wa hatimi, hotuna, da kuɗin rajista. Idan sunan da ke takardar haihuwa ya saɓa da na takardar bak, ko da harafi ɗaya ne, ana iya mayar da fayil ɗin, kuma gyaran kan ci makonni. Wasu makarantun suna ƙayyade shekarun mai nema. Gara a duba waɗannan tun ana aji, kada a bari sai sanarwa ta fito.

Gaskiya ce kuma cewa ba a fara tseren daga wuri ɗaya ba. Lokacin bita yana faɗowa a watannin Afrilu da Mayu, sa'ad da zafin Njamena ke haura digiri 40, wuta kuma ba ta zama. Da daddare za ka ga samari a gindin fitilun titi, kowa da littafinsa, wani yana kai da komo yana haddar darasi, wasu sun kewaye ɗan allo suna warware lissafi da alli. Ɗan makarantar kuɗi yana aji marar cunkoso da malamin ƙarin darasi a gida. Ɗan lisen gwamnati, kamar lisen Félix Éboué, yana raba malami ɗaya da ɗalibai masu ɗimbin yawa, yajin aiki kuma kan cinye masa makonni. 'Ya mace tana da ƙarin nauyin aikin gida, wani lokaci da maganar aure. Tun 2016, da faɗuwar farashin mai ta sa gwamnati tsuke bakin aljihu, aka yanke alawus ɗin yawancin ɗaliban jami'a, nauyin ya koma kan iyaye.

Saboda haka dubban 'yan Chadi ke tsallaka gadar Ngueli zuwa Kusri, su nufi jami'o'in Marwa da Ngaoundere a Kamaru. Wasu na neman tallafin Maroko, Aljeriya ko Turkiyya, masu Larabci kuma su nufi Azhar a Masar. Hanyar Khartoum, wadda da can ake bi sosai, yaƙin da ya ɓarke a Sudan a 2023 ya toshe ta. Mai son Faransa sai ya bi ta ofishin Campus France, ya kuma nuna yana da abin da zai riƙe kansa.

Babu wanda zai iya ba ɗalibi tabbacin kujera, domin sakamakonsa ya danganta da ƙoƙarin sauran masu gasa. Amma abubuwa huɗu suna hannunsa: ya zaɓi fanni da sanin inda yake kaiwa, ya ba darussa masu nauyi haƙƙinsu, ya gyara harshen da zai yi rubutu da shi, ya kuma nemi gurbi a wuri fiye da ɗaya. Wanda ya rubuta gasar likitanci ya kuma yi rajista a Farcha, idan bai dace ba bana, bai yi asarar shekara ba, kuma zai koma gasar baɗi da ilimin da ya fi na bana.