Faifai na jan ƙafa wajen kwafewa a kwamfuta: ina matsalar take?

A gidaje da yawa akwai tsofaffin fayafayan CD da DVD ajiye cikin akwati: bikin aure, suna, saukar Alƙur'ani, wa'azi, kokawar gargajiya. Wasu daga cikin waɗanda muryarsu ke ciki sun riga mu gidan gaskiya. Ƴan uwa da ke Abijan, Akara, Aljeriya ko Faransa kan ce a turo musu ta WhatsApp, kuma kafin a tura sai an kwafe faifan cikin kwamfuta. To nan ake cin karo da matsala: aikin minti 10 sai ya cinye awa 2, wani lokaci ma ya tsaya cak.

Jinkirin nan yakan fito daga ɗayan wurare uku: faifan kansa, na'urar karanta shi wadda masu gyara ke kira lektar, ko kwamfutar. Sai an gane wanne ne kafin a kashe kuɗi. Kuma kamar yadda za ku gani, akwai jinkirin da shi ne ke ceton abin da ke cikin faifan.

Fara sanin saurin da ya dace

Gaban lektar akan rubuta lamba, kamar 24x ko 52x. A faifan sauti, 1x na nufin saurin da ake saurare, wato faifai mai minti 80 zai ɗauki minti 80 cur. A 10x kuwa minti 8 ya isa. Amma lambar nan ta gaban lektar ba ta cika sai a bakin faifai. Ana karanta faifai ne daga tsakiya, kusa da huda, zuwa waje. Da'irar tsakiya gajera ce, kowane juyi ɗan abu kaɗan yake kawowa. Saboda haka in aiki ya fara a hankali yana ƙara sauri, lafiya lau ne.

DVD kuma kayansa sun fi yawa: jiga 4,7 yake ɗauka, CD kuwa mega 700, kusan ninki 7 ke nan. Lektar na kwamfutar hannu yawanci ba ya wuce 8x a DVD, don haka minti 10 zuwa 20 ba abin damuwa ba ne. Wasu masu ƙera lektar ma da gangan suke taƙaita saurin faifan fim zuwa wajen 2x don kada ƙara ta dami mai kallo. Irin wannan kan ɗauki kimanin rabin awa, kuma ba lalacewa ya yi ba.

Gwajin da ba ya cin ko dala

Sami wani faifai mai tsabta wanda ba shi da ƙarzuwa, ka kwafe shi. In ya tafi da sauri, laifin faifan farko ne. In shi ma ya ja ƙafa, ɗauki duka biyun ka gwada a kwamfutar maƙwabci. Suka yi sauri a can, ka san matsalar na wajen na'urarka.

In laifin faifai ne

Lektar na karatu da ɗan haske. Ƙura, maiƙon yatsa ko ƙarzuwa na karkatar da hasken, sai na'urar ta rage gudu ta yi ta maimaita wuri ɗaya. Shi ne ƙarar da kake ji tana tashi tana faɗuwa. Goge faifan da ƙyalle mai laushi, daga tsakiya kai tsaye zuwa baki, kada ka zagaya. Dalili kuwa, rubutun a zagaye yake tafiya. Ƙarzuwar da ta bi zagayen tana share dogon layi, wadda ta gitta shi kuwa na'urar na iya cike gurbinta. In akwai maiƙo, ruwa da ɗigon sabulu sun isa, a bari ya bushe sarai. Ban da fetur, ban da kananzir.

Ku kula da bayan CD, wajen da ake rubuta suna, domin abin da aka naɗa yana dab da ƙarƙashinsa. Kada a rubuta da bik mai tsini. Ɗaga faifan sama wajen haske: in ka ga haske na ratsa ƙananan huji, abin da ke wurin ya tafi. Fayafayan da aka naɗa a shago sun fi saurin lalacewa, don rana da zafin bazara na cin sinadarin da ke riƙe da rubutun. Faifan da ya tsage daga huda kuwa kada a saka shi a lektar mai gudu, yana iya tarwatsewa a ciki.

In laifin lektar ne

Ƙurar hunturu ba ta barin komai, har ɗan gilashin da hasken ke fitowa. A kwamfutar hannu ana ganinsa in an buɗe tire. Kashe kwamfutar, a share shi a hankali da auduga mai tsabta. Na babbar kwamfuta a kai wa mai gyara. Ku sani kuma hasken CD daban, na DVD daban, shi ya sa lektar kan karanta CD sumul amma ya kasa DVD in ɗaya hasken ya tsufa.

Mai lektar na waje, wanda ake jonawa ta USB, ya duba wuta. Kafar USB 2.0 ɗaya ba ta ba da wuta mai yawa, shi ya sa wasu ke zuwa da waya mai kai biyu: a jona duka biyun. A jona kai tsaye jikin kwamfuta, ba ta ƴar na'urar nan mai raba kafa ɗaya gida huɗu ba. Kwamfutar hannu kuma a sa ta a caji, domin in tana kan batir takan rage ƙarfinta.

In laifin kwamfuta ne

Kada a kwafe kai tsaye zuwa kile ko katin memwar mai arha, rubutu cikinsu na da nawa. A fara zubawa cikin kwamfutar, daga baya a tura. A rufe sauran manhajoji, a tabbata akwai fili.

Tsofaffin kwamfutoci masu Windows XP na da wata ɗabi'a. In lektar ya yi kuskuren karatu har sau 6, Windows kan sauke shi daga hanya mai sauri, DMA, zuwa mai nawa, PIO, kuma ba ya komawa da kansa ko an sa faifai mai kyau. Alamarsa, kwamfutar duka na yin nauyi da zarar faifai ya fara juyawa. Mai gyara zai shiga Gestionnaire de périphériques, ya cire tashar IDE da lektar ke kai, ya kashe ya kunna, sai ta dawo daidai.

Akwai kuma bambanci tsakanin kwafewa da sauya fim ya zama ƙarami. Manhaja irin HandBrake na matse fim don ya shiga waya, wannan kuwa aikin ƙwaƙwalwar kwamfuta ne, yana iya cin awoyi ko da faifan sabo ne. Faifan biki da aka naɗa a shago yawanci ba a kulle yake ba: buɗe shi ka kwashe dosiyen VIDEO_TS, ko MPEGAV in VCD ne, ka cire faifan ya huta, sannan ka matse fim ɗin daga cikin kwamfuta.

Jinkirin da bai kamata a taɓa ba

Windows Media Player da iTunes na da zaɓin gyara kurakurai yayin kwafe faifan sauti, Exact Audio Copy kuma na sake karanta duk wurin da ya yi shakka. Kashe wannan zaɓi na ƙara sauri, kuma ga faifai mai lafiya ba laifi. Amma ga tsohon faifai mai ƙarzuwa, sakamakon shi ne sauti mai tsalle da ƙas-ƙas. In faifan shi kaɗai ya rage da muryar mahaifi ko karatun malamin garinku, bar shi ya ɗauki awa 2 ɗinsa. Sau ɗaya za a yi aikin, a yi shi lokacin da wuta ta tsaya ko batir ya cika.

Ku fara da fayafayan da ba a samun irinsu a kasuwa, kuma mafi tsufa a gaba. In an gama, a ajiye kwafi biyu: ɗaya a kile a gida, ɗaya a tura wa ɗan uwa na nesa. Faifan asali a mayar da shi gidansa, a ajiye a inuwa. Allah ya sa mu dace.