Kafin Ka Sayar Wa Mai Inji Bishiyar Gonarka

Da zarar an kammala girbi, hanyoyin ƙauye sun bushe, sai ƙarar injin yanka katako ta fara tashi a gonakin Ikara, Maƙarfi da Kudan. Wannan yanki ba shi da wani dajin a zo a gani. Ƙasar noma ce, ta masara da rake da tumatir, kuma kusan kowane taku yana da mai shi. Saboda haka yawancin katakon da ake fitowa da shi daga ƙauyukan nan a kan akori-kura, daga gonar wani aka sare shi. Ɗorawa ce ko mangwaro ko dalbejiya ko maɗaci, wani lokaci ma tsohon rimi da ya girmi kowa a garin.

Abin da ya jawo haka ba ɓoyayye ba ne. Rufin kwano ya ture rufin azara da ƙasa, giginyar ma ta yi ƙaranci. Katakon kudu da ake saukewa a kasuwar 'yan katako ta Sabon Garin Zariya ko ta Na'ibawa a Kano yana cin tafiyar ɗaruruwan kilomita, kuma mai saye ne ke biyan kuɗin motar. Magidancin da zai rufa ɗaki biyu a Hunƙuyi, idan ya ji farashi, sai ya waiwayi bishiyar da ke bayan gidansa.

Shi wannan inji, wani Bajamushe mai suna Andreas Stihl na cikin waɗanda suka fara ƙera shi. Ya fitar da mai aiki da lantarki a 1926, mai shan fetur kuma a 1929. Har yau injin da ke ɗauke da sunansa, musamman samfurin 070, shi ne abin alfaharin masu sana'ar a Afirka ta Yamma. Sai dai an ƙera shi ne don kayar da bishiya da datsa gungume a gicciye. Tsaga gungume a tsaye, daga kai zuwa gindi, aiki ne da aka ɗora masa daga baya, kuma a nan asarar take.

Ga yadda ake yi. Bayan an kayar da bishiya, sai a datsa ta ƙafa 12, tsawon da kafintoci suka saba da shi. A tsoma igiya a baƙin mai, a ja ta a kan gungumen, a ɗaga a saki ta bar layi. Mai inji ya bi layin da ido da ƙarfin damtse, ya fara zubar da ɓangarori huɗu har gungumen ya zama mai kusurwa, sannan ya shiga fitar da falanki ko tu-bai-fo ko tu-bai-tu, gwargwadon abin da aka ce ya yanka.

To, a duba kaurin sarƙar. Duk wucewa ɗaya tana cinye kimanin milimita 9 na itace, ta mayar da shi gari. Falanki mai kaurin inci ɗaya milimita 25 ne. Ke nan duk falanki uku da aka fitar, na huɗu yana kwance a ƙasa ya zama dusa. Siririn zarton da ake aiki da shi a masana'antar katako bai cika wuce milimita 2 zuwa 3 ba. A ƙara da karkacewar hannu, wadda ke tilasta wa kafinta ya kankare katakon sosai kafin ya miƙe, da ɓangarorin da aka zubar, da manyan rassan da ake bari don ba su kai ƙafa 12 ba. Idan aka haɗa lissafi, abin da ke zama katako ba ya kai rabin bishiyar.

Wannan asara manomi ne ke ɗaukarta, domin shi ya sayar da bishiya a tsaye, da kuɗi dunƙule, bai san falanki nawa ke cikinta ba. Mai saye kuwa ya zagaya ta, ya auna da ido, ya riga ya ƙirga. Cinikin biri a sama ne, sai dai ɓangare ɗaya yana ganin birin sarai.

Wadda ta fi ba ni takaici ita ce ɗorawa. Itacenta ba na kirki ba ne, ba shi da ƙarko, gara da ƙwari suna shigarsa da wuri. Amma a raye kowace shekara tana ba da kalwa, matan gida su yi daddawa ko su auna a kasuwa, yara su sha garin, makuba kuma a yi daɓe da ita. Sau da yawa mai gida ne ke karɓar kuɗin bishiyar, alhali kuɗin shigar da aka datse na uwargida ne. Wata ɗorawar ma ta gado ce da 'yan'uwa ke da haƙƙi a ciki, ba a tambaye su ba. Kaɗanya tana kai shekara 15 zuwa 20 kafin ta fara 'ya'ya, inji kuwa ba ya cika rabin sa'a a gindinta. Gawo yana zubar da ganye da damina, ya bar wa shuka rana da taki. Waɗannan ba na sayarwa ba ne.

Hana sana'ar ɗungurungum ba zai yi aiki ba. Ƙasar Ghana ta haramta tsaga katakon sayarwa da wannan inji tun 1998, amma shekaru bayan haka mafi yawan katakon da ke kasuwanninta na cikin gida da shi aka yanka. Muddin ana gini, za a nemi katako. Abin yi shi ne a zaɓi abin da za a sare. Turare da malaina da dalbejiya suna girma da sauri, kuma suna sake tohowa daga kututture. Wanda ya jera turare a kan iyakar gonar tudu, nesa da fadama don yana da shan ruwa, ya tanadar wa kansa katakon rufi. Manoman Maraɗi sun nuna wata hanyar tun shekarun 1980, wadda suke kira sassaben zamani: a daina ƙone tohon kututture, a rage shi a bar mai ƙarfi ya girma. Da haka miliyoyin kadada suka sake yin itatuwa a Nijar.

Masu inji su ma da gyara a wajensu. Akwai ƙarfen jagora da ake ɗaura wa inji ya riƙa bin miƙaƙƙen katako, maƙerin walda zai iya haɗa shi, kuma yana fitar da falanki mai kauri ɗaya daga farko har ƙarshe. Sarƙa a riƙa wasa ta da magagari, don dakusasshiya tana shan mai tana karkata. Ƙarar injin ta haura abin da kunne ke jurewa, ga shi idan bakinsa ya ci karo da wani abu yakan yi tsalle ya dawo kan mai riƙe da shi. Aiki da silifas da kunne a buɗe ganganci ne. Ɗanyen katako kuma ba a kai shi kan gini nan take. A jera shi a inuwa, a sa 'yan sanduna tsakanin kowane layi iska ta ratsa, in ba haka ba hunturu zai tsattsage shi ya murɗe shi.

Manomi, idan mai saye ya zo, ka fara tuntuɓar iyalinka da masu haƙƙi a bishiyar. Ka tabbatar an sami izinin malaman gandun daji na ƙaramar hukuma. Ka yi ciniki a kan adadin katakon da ya fito, kana tsaye ana ƙirgawa, rassa da ɓangarori kuma su zama naka. In ɗorawa ce ko kaɗanya ko gawo, ka ce masa ba ta sayarwa ba ce.