Yadda Ake Tabbatar da Yoyon Ruwa a Gonar Rani

Manomi, idan na'urar gano yoyo ta aiko gargaɗi a wayarka, kada ka yi gaggawar tone bututu. A fadamun kogin Usuma da ke Gwagwalada, raɓar asuba kan jiƙa na'urar ta ba da rahoton ƙarya. Bar tanki a buɗe, ka rufe dukkan famfunan gona, ka rubuta lambar mitar ruwa, sannan ka sake dubawa bayan minti 30. In ta ƙaru, akwai yoyo. Bi layin ka nemi inda ƙasa ta yi laima, galibi ɓera ne ya huda tiyo. In kuwa alƙaluman wayar sun tsaya cak tun jiya, duba batir da farantin sola, domin ƙurar hunturu kan lulluɓe shi daga Disamba zuwa Fabrairu. Goge shi da tsumma mai laushi.